Kwalba Biyu Zuwa Tsaunin Tamarak

Yakima, ƙarshen Agusta

Junie, 'yar ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kwalin nan ya same ki lafiya da yatsun ƙafarki cif, don uwarki ta ce a hoton da kika turo mata kin koma kamar raken da aka tsotse. Na saka miki taliya, garin dankali, busasshen nama, markaɗaɗɗiyar gyaɗa da sabuwar safa. Ki ci abinki, ki daina rabar wa abokan tafiya, na san halinki.

To, kin tako tun daga iyakar Meziko, ga ki yau a bakin kogin Kolumbiya, kin shigo jiharmu da ƙafarki. Ni da na yi miki dariya ranar da kika ajiye aikin asibiti kika ce sai Kanada, na janye dariyata. Tun bazara nake haɗa miki kwalaye ana kai wa gidan waya, ban taɓa roƙonki komai ba. Yau zan roƙa.

Kin ji na faɗo daga tsani, kwatangwalo ya tashi aiki. Likita ya sa min ƙarfe, ya ce in manta da hawan dutse bana. Yaro ne, takalmin da nake hawan dutse da shi ya girme shi, amma ya fi ni gaskiya, don daga gado zuwa banɗaki ma sai da sanda mai ƙafa huɗu.

Abin da ba ki sani sosai ba shi ne inda nake ɓacewa kowace kaka. Can arewa, kusa da ƙarshen hanyarki, akwai Tsaunin Tamarak. A ƙoƙuwarsa akwai ɗan ɗakin gadin gobara, tagogi ta ko'ina. Wata mata ce a ciki, Opal Haskew. Daga narkewar ƙanƙara har dawowarta tana can ita kaɗai da madubin hangen nesa, tana duban hayaƙi. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, duk ƙarshen lokacin gobara nakan goya kwalba biyu na giyar da na dafa da hannuna in hau. Ta sha ɗaya, in sha ɗaya, mu kalli duwatsu, in kwashe kwalabena in sauko. Ban taɓa fashi ba, har shekarar da aka yi min aikin ido.

Bana ce ta ƙarshe. Hukumar daji za ta kafa kyamara a wurin, ita kuma ƙarshen Satumba za ta sauko ta koma hannun 'yarta a Arizona, inda ba ni da idon da zan tuƙa mota in je. Giya ta nuna tun tuni, Opal na can, ni kuma ga ni nan kwance ina ƙirga katakon rufi.

Ki kai mata, Junie. Daga hanyarki akwai ratse, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ba ƙaramin ratse ba ne. Idan kin ce a'a, kwalayenki ba za su daina zuwa ba, sai dai ƙila ki ga alewar ta ragu.

Ki kula da ƙafafunki.

Kawunki,
Alton


Wani kanti a bakin titi, farkon Satumba

Kawu Alton,

Ina gaida kai, ina gaida ƙarfen da ke ƙugunka. Allah ya ƙara sauƙi. Na samu kwali, na samu wasiƙa, na kuma samu ciwon kai.

Kawu, ka san da wa kake magana kuwa? Ni ce fa na sare wutsiyar burushin haƙorina don ya rage nauyi. Na yanke 'yan takardun da ke wuyan rigunana. Wando ɗaya gare ni tun California, idan na cire shi yana iya tsayuwa da kansa. Sai ga shi rana tsaka ka ce in goya laba uku, rabinsa gilashi.

Na karanta wa abokan tafiyata wasiƙar, ka yi haƙuri. Hanne, wata 'yar Denmark da ke yawo da ɗan sikeli tana auna har gishiri, ta zaro ido ta ce, "Kwalba? Ta gilashi? Wai me kika yi wa kawun nan naki da zafi haka?" Teo kuwa, da ba ya ganin abin sha ya kau da kai, cewa ya yi, "Ki gaya wa tsoho ya kwantar da hankalinsa, ni zan ɗauka. A cikina zan zuba, in kai wa matar labarin yadda take."

Ga shawara. In buɗe kwalaben in juye a gorar roba, in yar da gilashin a kwandon shara. Nauyi ya ragu rabi, kowa ya huta.

Sai maganar gaskiya. Na duba taswira, ratsen nan zai ci min kwanaki, kuma duk wanda muka haɗu da shi cewa yake dusar ƙanƙara za ta sauko da wuri bana. Idan ta riga ni mashigun duwatsun arewa, shi ke nan, wata biyar na tafiya sun ƙare ina hangen Kanada ban taɓa ta ba. Ina so in taɓa ta, Kawu. Ban taɓa gama wani babban abu a rayuwata ba, kai ma shaida ne.

Amma tsaya, wace ce Opal? Mutum ba ya hawan tsauni shekara talatin don kallon duwatsu, alhali tagar kicin ɗinka ma dutse take kallo. Na tambayi Mama a waya, ta yi dariya har da tari, ta ce in tambaye ka. Tunda kai da waya ba kwa ga maciji, sai ka amsa a rubuce.

Ban ce e ba tukuna. Aiko su Larkin, ƙauyen nan na bakin tafki inda zan ɗauki kwalina na ƙarshe, in gan su da idona.

Kuma kada ka kuskura ka taɓa min alewa.

Taka,
Junie


Yakima, Satumba

Junie,

Bayan gaisuwa. Roba! Da na iso wurin nan a wasiƙarki sai da ƙarfen ƙuguna ya amsa. Wa ya rene ki? Giyar gida tana da rai, yarinya. Yis ɗinta na kwance a gindin kwalba yana barci, iskarta kuma na tsare a ƙarƙashin marfi. Kika buɗe kika juye, kafin ki kai gindin tsaunin ta zama ruwan wanke-wanke. Gara ki kai wa Opal ruwan rafi ki ce in ji ni.

Bari in ba ki labarin abin da na sha a kanki. Maƙwabcina Lupe, direban motar tuffa, ya ɗauke ni zuwa gidan waya. Na naɗe kwalaben a safa, na cusa su tsakanin taliya da garin dankali, na manne kwalin tsaf. Verna, matar da ke kan kanta, ta ɗaga ta ɗan girgiza, ta kara kunne.

"Alton, me ke motsi a ciki?"

Na ce maganin tari ne.

"Maganin tari," in ji ta. "Kai da ke dafa giya a gareji tun ina 'yar firamare, duk unguwa na shaƙar ƙamshi? Ka san doka, gidan waya ba ya ɗaukar giya. Buɗe ka cire, ko in kira Lupe ya tura ka waje da kai da sandar taka."

Mutane cike a layi, har da matar fasto. Na cire. Abincinki ya bi gidan waya kamar kullum, kwalaben kuma Lupe zai kai su mashigin jirgin ruwa ranar da zai yi lodi ta can, mai jirgin ya miƙa wa mai kantin Larkin. Lupe ya rantse zai ɗaura musu bel a kujerar gaba.

Idan kin yarda, ga yadda ake yi. A tsaye ake goya su, kowace cikin safar ulu, a tsakiyar jaka, jikin bayanki. Kada rana ta gan su. A gindin tsaunin za ki tarar da Farin Rafi. Ki kafa su tsakanin duwatsu inda ruwa bai wuce idon sawu ba, har sai sanyinsu ya ciji hannu, sannan ki mayar da su cikin jiƙaƙƙiyar safa ki hau. Wajen zubawa a hankali, a bar ɗan na ƙasa.

Kin tambayi wace ce Opal. Ina saurayi na yi aikin kashe gobarar daji. Wata rana muna cikin wani kwari, iska ta juya ba mu sani ba, don hayaƙi ya rufe mana sama. Sai muryar wata mata a rediyo, ba ihu, ba rawar baki, kamar mai karanta farashin kaya: "Ku ajiye kayan aiki. Ku hau hagu zuwa zubabben dutse. Yanzu." Muka zubar da komai muka hau. Muna kaiwa wuta ta cinye inda muka baro. A ranar tsawa na faɗuwa a kan tsauninta, tana zaune a kujerar nan mai ƙafafun gilashi da suke hawa don kada aradu ta bi ta jikinsu, gashinta a miƙe, amma ba ta saki rediyon ba sai da ta ji sunan kowa. Da kaka ta yi na ɗauki abin da na iya yi da hannuna na hau in yi godiya. Ta karɓa, ta kurɓa, ta ce ɗacin ya yi yawa. Sai na koma badi da wadda ta fi.

Ban taɓa ganin mai tsayawa kan aiki kamarta ba. Ta san kowane kwari da irin hayaƙinsa, tana bambance ƙurar mota da hazo da wuta tun abin bai kai girman ɗan yatsa ba.

Sauran tambayar taki ba ta shafe ki ba. Lokacin tana da miji, mutumin kirki, yakan raka ni rabin hanya. Ya rasu da daɗewa. Ni kuma kafin nan na riga na saba da yin shiru.

Na rubuta mata cewa ƙila ki zo. Duk abin da ta amsa zan saka miki a kwalin Larkin. Kada ki yi mamaki, da sunan gidanmu take kira na, Prewitt.

Kawunki,
Alton


Tsaunin Tamarak, Satumba

Prewitt,

Gaisuwa da fatan samun sauƙi. Mai alfadarai ya kawo min gas da wasiƙarka. Mutum mai shekarunka ba shi da abin nema a kan tsani.

Kada ka aiko yarinyar. Dinyoyi sun wuce kudu da wuri, kuma da safe ina tarar da ruwan bokiti ya daskare. Tana da tafiyarta, ka bar ta ta gama. Giya ba ta kai haka ba.

Alfadarai za su zo kwashe kayana ƙarshen wata. Na gode da duk shekarun nan.

Itatuwan tamarak na gefen gabas, wajen dutsen da kake zama, sun soma yin rawaya. Na faɗa ne kawai don ka sani.

Ka huta lafiya.

O. Haskew


Larkin, Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa. Kwalabenka sun iso lafiya, har sun riga ni. Mai kantin ta ajiye su a ɗakin sanyi kusa da man shanu, ta miƙo min su da hannu biyu kamar jarirai. Ta ce mai jirgi ya ce Lupe ya ce ka ce kada a kwantar da su. Ka ga yadda ka tayar da hankalin rabin jiha.

Na ga wasiƙar Opal, na ga abin da ka rubuta a ƙasanta da fensir: "Kin gani, an sallame ki, wuce Kanada abinki." Na gode da ba ka ɓoye min ba.

A allon mashigin jirgi an manna hasashen yanayi. Dusar ƙanƙara na tafe, mai yawa. Hanne ta yi lissafinta ta ce idan muka miƙe ba tsayawa za mu tsallake da ƙyar, idan na ratse kuwa sai dai wani ikon Allah. Ta ce, "Junie, matar da kanta ta ce ba ta so. Me kike nema kuma?" Na ba ta wasiƙar ta karanta. Ta kai wurin itatuwan nan, ta sake karantawa. Sai ta ce, "Kai, tsofaffin nan za su kashe mu." Ta zaro sikelinta ta auna kwalaben, ta buɗe jakata ta kwashe abin da ya kai nauyinsu na kayan da ba zan buƙata ba, ta ce za ta aika min gida. Teo ya ba ni safar hannunsa, ya ce idan matar ta ƙi sha, na san inda zan same shi.

Kawu, macen da ba ta son a zo ba ta ba da labarin dutsen da mutum yake zama. Shekara talatin kana hawa, wannan ma sai 'yar ƙanwarka ta karanta maka?

Sun tafi ɗazu. Na tsaya ina kallon jakunkunansu har suka shige daji, kuma ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka kaɗan. Masu tafiya a nan sun riga sun laƙaba min suna, wai Mai Giya. Ni da ko a bikin aure rabin kofi nake sha.

Gobe da safe zan kama hanyar Tamarak. A tsaye, cikin safa, jikin baya. Na haddace.

Taka,
Junie


Larkin, ƙarshen Satumba

Kawu Alton,

Ina gaida kai. Ina lafiya, yatsuna na nan, ka gaya wa Mama tun kafin ka ci gaba da karatu. Sauran labarin ba mai daɗi ba ne duka.

Na goya su yadda ka ce. Kullum idan zan kwanta sai na kafa su cikin takalmana don kada su faɗi, in rufa musu rigar sanyina saboda kada su daskare. Ko zama zan yi sai na tuna da su. Na isa Farin Rafi da hantsi, rana ta fito tarwai, ruwan kuwa ɗan siriri, fari kamar an zuba madara, ko idon sawu bai rufe ba. Na kafa su tsakanin duwatsu da safarsu, na zagaye su da wasu duwatsun. Na cire takalmi na miƙe a kan wani falalen dutse in jira su yi sanyi. Barci ya sace ni.

Ƙarar duwatsu na gungurawa ce ta tashe ni. Kawu, ba ka gaya min rafin nan daga ƙanƙarar tsauni yake fitowa ba, idan rana ta buge ta sai ya cika. Inda na bar ɗan siririn ruwa na tarar da kogi yana kumfa. Duwatsun da na jera babu su. Kwalba ɗaya babu ita. Ɗayar kuma safarta ta sarƙe a saiwar wani itace can tsakiya, ruwa na wujijjiga ta.

Ban yi tunani ba, da na yi da ban shiga ba. Ruwan ya kai min cinya, sanyinsa ya ɗauke min ƙafafu, duwatsu na dukan ƙaurina. Na kamo saiwar da hannu ɗaya, na cafko safar da ɗayan, na cusa ta cikin rigata, na ja jiki na fito da rarrafe. Ta biyun na same ta can ƙasa a gaɓa, wuyanta kawai, marfin na nan daram. Na zauna na zage ta, na zagi rafin, kai ma ka samu rabonka. Sannan na tsince gilasan da na gani na ƙulle a leda, don ba a barin shara a daji.

Hawan ya ci sauran yinin. Ka ce min ratse ne, ba ka ce bango ba ne. Duk inda na tsaya numfashi sai in tuna da wannan ƙugun naka ka yi ta hawa nan har ka tsufa, da idon da ba ya gani sosai, sai in ji kunya in tashi.

Na tarar da ita tsaye a bakin matakala. 'Yar ƙaramar tsohuwa, farin gashi a kitse guda, takalmi kamar na soja. Ko sannu ba ta ce ba.

"Ke ce ta Prewitt. Na hango ki tun kina rafi. Na ga kin shiga ruwan nan. Kada ki ƙara."

Na ce to.

"Na ce masa kada ya aiko ki."

"Ya gaya min. Ni na aiko kaina."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Taurin kan gado ne ashe. Shigo ki cire jiƙaƙƙun kayan nan."

Ta sauko da kofi biyu daga kan shantali, a wanke suke tas, ka ji ko? Na fito da kwalbar na ce mata ɗayar ta mutu a rafi, wannan tata ce, ta sha, ni ba na buƙata. Ta karɓa ta ɗaga ta wajen taga, ta ce giyar ta sha wuya, sai yis ɗinta ya kwanta tukuna. Ta tambaye ni ko kana iya tafiya. Na ce da sanda mai ƙafa huɗu. Ta tambaya wa ke dafa maka abinci. Na ce matar Lupe, idan ka yarda. Sai ta mayar da kofunan inda suke, ta ajiye kwalbar kusa da rediyo, ta ɗora mana wake da shayi.

Da safe duniya ta yi fari fat. Ta yi magana a rediyo, aka ce mata mashigun arewa sun toshe, an kuma ga wata Baturiya da wani mai surutu sun tsallake kafin ta sauko. Na yi musu murna da gaske, amma abin ya yi min ciwo, Kawu, har yanzu yana yi. Da gari ya ɗan washe ta kira ni taga ta miƙo min madubinta, ta juya min kai da hannunta. Ta ce, "Kin ga waccan tsagar da aka sare a cikin daji, miƙaƙƙiya? Iyakar ke nan. Badi tana nan, ba inda za ta." Daga nan ta bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya tana gaya min sunayensu da shekarar da kowanne ya ci wuta. Ko takarda ba ta duba ba. Ban san wace kyamara ce za ta riƙe wannan ba.

Na kwana biyu a wurinta, na taya ta ɗaure kaya. Da hanya ta ɗan buɗe ta rako ni har rafin, ta sa muka isa da sassafe, na tsallake ko safata ba ta jiƙe ba. Har na baro wurin, kwalbar na nan kusa da rediyo, ba ta buɗe ba, ba ta kuma ba ni saƙo ba. Na tambaya, ta ce, "Ki gaishe shi."

Ka yafe min. Biyu ka ba ni, ɗaya na kai, ita ma ba a sha ba. Zan ɗan zauna nan ina wanke-wanke a kantin har ƙaurina ya sace, sannan in biyo jirgi.

Taka,
Junie


Yakima, farkon Oktoba

Junie, ɗiyata,

Gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun sai da na tashi na wanke fuska.

Babu abin yafewa. Rafin nan laifina ne. Ni kullum daga titi nake tasowa, da sassafe nake isa, ban taɓa kafa kwalba a cikinsa da rana ba, shi ya sa bai faɗo min in gargaɗe ki ba. Da ya tafi da ke, da ban san da wane ido zan dubi uwarki ba.

Kin ce ba ki taɓa gama babban abu ba. Ki daina faɗar haka a gabana. Wata biyar kina tafe da buri ɗaya, yana gabanki kina ganinsa, kika ajiye shi kika juya saboda wani tsoho da kwalabensa. Ni na san maza da yawa a dajin nan, ban san wanda zai yi haka ba. Ina alfahari da ke, na kuma gaya wa Verna, na gaya wa Lupe, har likitan yaron nan bai tsira ba. Badi idan za ki ƙarasa, kwalayenki na wuyana.

Maganar Opal kuwa, ki bar ta. Ta ce kada a aiko, na yi kunnen ƙashi, na jawo miki asara. Ba ta son a tsallake maganarta, na sani tun a rediyo. Idan fushi ta yi, tana da gaskiya. Yanzu ƙila ta kama hanyar Arizona. Ya ishe ni cewa shekarar ƙarshe ma an hau.

Ki dawo gida, ki zo da yunwarki.

Kawunki,
Alton


Garin gindin tsauni, Oktoba

Alton,

Gaisuwa. Na sauko. Na kulle ɗakin na ba su makulli.

Yarinyar nan ta fi ka hankali, ta kuma fi ka ƙarfin hali. Ka riƙe ta da kyau.

Alfadarai sun ɗauko kayana, amma kwalbar ban ba su ba, girgiza suke yi. A bayana na sauko da ita, a tsaye, cikin safa. Ban san haka take da nauyi ba. Ɗaya ce ma, kuma gangara nake.

Ban taɓa shan giyarka ni kaɗai ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Na gaya wa 'yata kada ta jira ni tukuna. Zan shigo motar Alhamis, ka sa wannan Lupe ya tare ni a tasha.

Duk shekara ina ganinka a madubi tun daga rafi, kana hawa bakinka na motsi, kana bitar wata magana. Ka iso ka zauna ka yi min zancen yanayi, ka sauka da ita. Wannan karon ba ka da inda za ka sauka, ƙugunka ma ba zai bar ka ba. Ka shirya ta.

Ka sa a wanke kofi biyu.

Sai na zo.

Opal